Yadda Za Ka Tsara Karatunka da Manazartarka a Kwamfuta Har Ka Kammala Kundi

Duk shekara idan zangon ƙarshe ya kama, tambayoyin da ake kawo mini kusan iri ɗaya ne. Ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, da na Jami'ar Tarayya ta Kashere, da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, har da malaman sakandare masu neman digiri na biyu, kowa kukansa babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, da jerin manazarta. Wani ya sauke maƙalu sun fi saba'in a waya amma ya rasa ta inda zai kama. Wani ya gama rubutu tsaf, sai ana saura kwana uku ya miƙa ya tarar rabin sunayen da ya ambata bai san inda ya tsinto su ba. Na yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya, sai na ga gara in rubuta tsarin da nake bi a wuri guda. Matakan a jere suke, a bi su a jere, domin wanda ya fara sauke takardu kafin ya tanadi inda zai zuba su aiki biyu zai yi. Zan ɗauka kana rubutu ne a kan manoman rani na Dadin Kowa, sai ka sauya da naka batun.

Abin da za ka tanada

Kwamfutar tafi-da-gidanka mai Microsoft Word, ko da ta aro ce, muddin za a bar maka ita har ka gama. Waya mai data. Adireshin Gmail da ka haddace kalmar sirrinsa, ba wanda aka buɗe maka a kafe lokacin rajista ka manta da shi ba. Filasha ɗaya wadda ba ta yawo hannu-hannu. Manhajojin duk kyauta ne: Google Scholar don nema, Zotero don ajiya da sa madogara, Google Drive mai ba da GB 15 don ajiyar ko-ta-kwana. Kuɗinka zai tafi ne a data da caji. Akwai Mendeley, ita ma tana yi, amma ni Zotero nake koyarwa saboda tana aiki sarai ko babu intanet, kuma ga mai zaune inda wuta da sabis ke zuwa su ɗauke, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

1. Rubuta tambayarka a takarda

Kafin ka kunna data, ɗauki biro. "Noman rani a Gombe" ba tambaya ba ce, daji ne. Tambaya ita ce irin wannan: ta yaya tsadar man injin ban-ruwa ke shafar ribar ƙananan manoman shinkafa a Dadin Kowa? Daga cikinta ka zaro kalmomi uku ko huɗu masu nauyi, ka rubuta Turancinsu a gefe, tunda yawancin mujallu da Turanci suke. Ka kuma rubuta duk yadda ake rubuta sunan wurin: Dadin Kowa, Dadinkowa, Dadin-Kowa. Mai bincike a kan harshe ko adabin Hausa ya nemi kowace kalma sau biyu, da ƙugiya da babu ƙugiya, "waƙa" da "waka", saboda masu ɗora takardu da yawa ba sa sa ƙugiyar.

Gargaɗi: kai wa malamin da ke duba aikinka tambayar ya amince tukuna. Na ga ɗalibai sun yi wata guda suna tara takardu, malam ya sauya kalma biyu a taken, rabin tarin ya tashi a banza.

2. Girka Zotero

Shiga zotero.org, nan kawai, kada ka karɓi kwafi daga filashar wani. Abu biyu za ka sauke: manhajar kanta, da ɗan mahaɗin burauza mai suna Zotero Connector, wanda ke zama a saman Chrome ko Firefox ko Edge. Bayan ka girka, rufe Word ka sake buɗe ta, za ka ga sunan Zotero ya fito a jerin sama. In bai fito ba, shiga saitin Zotero ɓangaren "Cite" ka sake girka mahaɗin Word daga nan.

Buɗe asusu a shafin nasu, ka shigar da shi a saitin "Sync". Ga yadda lissafin yake: bayanan takardu da rubutun da ka yi a kansu, Zotero tana ajiye maka su a intanet kyauta ba iyaka. Su fayilolin PDF ne ke da iyakar MB 300, wanda ya wuce haka sai ya biya dala 20 a shekara a ba shi GB 2. Ɗalibin digiri na farko ba ya buƙatar biya. Idan wurin ya cika, kashe aika fayiloli ka bar bayanai suna tafiya, fayilolin kuma mu ajiye su ta hanyar mataki na 7.

A gefen hagu ka buɗe folda ɗaya da sunan kundinka, a cikinta ka yi ƙanana bisa ƙananan batutuwa: tsadar mai, hanyoyin ban-ruwa, kasuwar shinkafa, dabarun bincike. Takarda ɗaya tana iya zama a folda biyu ba tare da ta ninku ba.

Gargaɗi: Zotero ba ta zo da mahaɗin WPS (wata manhajar rubutu mai kama da Word) ba, kuma ba ta shiga Word na waya. Wanda waya kaɗai gare shi ya yi amfani da zbib.org, shafin da su masu Zotero suka yi, ya riƙa haɗa manazartarsa can kafin ya samu kwamfuta.

3. Nema

Buɗe scholar.google.com. Kalmomin da ke tafiya tare ka sa su cikin alamar zance, rubuce-rubucen suna kuma ka haɗa su da OR da manyan baƙaƙe, kamar haka: "Dadin Kowa" OR "Dadinkowa" irrigation rice. A gefe akwai wurin taƙaita shekaru, sai ka tambayi sashenku iyakar tsufan da suke karɓa.

Dabarar da ta fi kowace yi mini amfani ita ce wannan. Da zarar ka dace da maƙala ɗaya da ta dira daidai kan batunka, dakata da buga sababbin kalmomi. Sauka ƙarshenta ka bi manazartarta, za su kai ka ga waɗanda suka gabace ta. Sannan ka dawo Scholar ka danna "Cited by" a ƙarƙashin sunanta, ka ga waɗanda suka zo daga baya suka ambace ta. Maƙala uku masu kyau da aka bi gaba da baya haka sun fi awa biyar ana lalube.

Idan shafi ya nemi kuɗi kafin ya buɗe maka maƙala, kada ka yi saurin zaro kati. Duba hannun dama na sakamakon Scholar ko akwai alamar PDF. Danna inda aka nuna sauran kwafi-kwafinta, sau da yawa marubucin ya ɗora ta a ma'ajiyar jami'arsa. Girka Unpaywall a burauza, yana nuna alamar koren kwaɗon kulle ƙofa idan akwai halastaccen kwafi na kyauta. Mujallun jami'o'in Najeriya da dama suna shafin AJOL mai tattara mujallun Afirka, waɗanda ake karantawa kyauta a duniya kuma shafin DOAJ ya jera su. Sai kuma laburaren makarantarku: je sashen kwamfutoci ka tambayi ma'aikacin ko suna da rajistar Research4Life, tsarin da ke buɗe wa makarantu mujallun kuɗi, wanda a ƙarƙashinsa AGORA ke ɗauke da fannin noma, Hinari kuma fannin lafiya. Ɗalibai suna wuce wannan ofis kullum ba sa leƙawa, abin yana ba ni takaici. In duk ya faskara, adireshin imel na marubuci yana shafin farko, ka rubuta masa gajeren saƙo cikin ladabi, da yawansu suna turowa.

Gargaɗi na farko: ba duk abin da ake kira mujalla ne mujalla ba. Wadda ke alƙawarin buga aiki cikin 'yan kwanaki, ko take ɗauke da injiniyanci da fiƙihu da kiwon kaji a fitowa ɗaya, ko shafinta cike da kuskuren rubutu, ka yi kaffa-kaffa da ita. Shafukan da ke sayar da kundaye babi ɗaya zuwa biyar kuwa ba madogara ba ne sam.

Gargaɗi na biyu, kuma shi ya fi damuna yanzu: ChatGPT da ire-irensa suna ƙirƙiro manazarta. Za su ba ka suna da shekara da mujalla da lambar shafi, komai tsaf, alhali babu maƙalar a duniya. Duk abin da suka ba ka, buga takensa a Scholar, ko ka sa DOI ɗinsa, wato lambar shaidar maƙala, a doi.org. Abin da idonka bai gani ba kada ya shiga kundinka.

4. Shigar da takarda, ka gyara ta nan take

Buɗe shafin maƙalar a gidan mujallar da ta buga ta, ka danna alamar Connector. Bayanan da ake samu nan sun fi na jerin Scholar cika. Idan kana da DOI, ko lambar ISBN ta littafi, danna alamar da ke kama da sanda a saman Zotero ka liƙa lambar, za ta cike sauran da kanta. PDF ɗin da suka riga suka taru a waya kuma, kwaso su ka ja su cikin Zotero, za ta gane mafi yawansu. Waɗanda hoto ne aka ɗauka ba za ta gane su ba, sai ka cike da hannu.

Yanzu dubi gefen dama: marubuci, shekara, take, sunan mujalla, juzu'i, fitowa, shafuka. Minti ɗaya ne. Abin da ka bari a karkace a nan, a karkace zai fito a manazarta.

Sunayenmu su ne suka fi wahalar da manhaja. An gina ta a kan tsarin sunan iyali da sunan yanka, mu kuwa wani sunansa ya ƙare da na mahaifi, wani da na gari kamar Dukku ko Kumo ko Bajoga, mujalla kuma takan juya su yadda ta ga dama. Ka duba yadda marubucin ya ambaci kansa a manazartar wasu ayyukansa, ka bi wannan a ko'ina, don kada mutum ɗaya ya zama mutum biyu a jerinka. Sunan hukuma, kamar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ka mayar da gurbin suna ya zama guda ɗaya kafin ka rubuta, in ba haka ba za ta datse shi kamar sunan mutum. Taken da ya zo da manyan baƙaƙe duka, danna shi da maɓallin dama ka zaɓi "Sentence case".

Littafin laburare da tsofaffin kundayen sashe, fara ɗaukar hoton bango da shafin da ke nuna shekara da maɗaba'a, sannan shafukan da kake so, kana tabbatar lambar shafi ta fito a kowane hoto.

Gargaɗi: idan takarda ta shiga sau biyu, kada ka goge ɗaya. Je "Duplicate Items" ka haɗe su. Goge wadda ka riga ka ambata a Word yana tsinke alaƙarta da rubutunka.

5. Karanta da alƙalami a hannu

A nan aikin yake, sauran duk share fage ne. Ba kowace maƙala ake karantawa daga farko har ƙarshe ba. Fara da tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkonta, tsallaka zuwa kammalawa, sannan ka yanke hukunci: ta cancanci zama, ko a wuce. Liƙa mata lamba a Zotero, "a karanta" ko "na karanta" ko "ba ta shafe ni ba", don kada ka sake ɓata data da lokaci a kanta bayan wata biyu.

Wadda ta cancanta, danna ta sau biyu ta buɗe a cikin Zotero. Zaɓi launuka ka tsaya a kansu har ƙarshe. Ni rawaya nake sa wa sakamako, kore hanyar bincike, ja abin da ban gamsu da shi ba, shuɗi kuma jimlar da zan ɗauko kalma da kalma. Idan ka gama, "Add Note from Annotations" zai tattaro duk abin da ka shafa wa launi a rubutu ɗaya, kowane da lambar shafinsa.

Kada ka tsaya nan. Rufe maƙalar, ka buɗe sabon rubutu a ƙarƙashinta, ka amsa tambaya huɗu da bakinka: me ya nema, a ina kuma a kan su wa, me ya gano, me ya bari bai taɓa ba. Shawarata ita ce ka rubuta wannan da Hausa. Abin da ba ka iya faɗa da Hausa kamar kana yi wa ƙaninka bayani, ba ka gane shi ba tukuna. Kuma ranar da za ka mayar da shi Turanci, jimlar taka ce za ta fito, ginin marubucin ya riga ya rushe. Ban san wata hanya da ta fi wannan tsare ɗalibi daga satar fasaha ba da gangan ba.

Lokacin da nake nawa kundin, wata jimla mai kyau ta zauna a littafin rubutuna babu suna babu shafi. Kwana uku na yi ina buɗe takardu ɗaya-ɗaya ban gano mai ita ba, ban kuma tabbatar ko tawa ce ba, dole na cire ta. Tun daga ranar, duk maganar wani da na kwafa tana shiga cikin alamar zance da lambar shafi a daidai lokacin da na kwafe ta.

6. Jera su a jadawali

Idan ka karanta kamar goma sha biyar, buɗe Excel ko Google Sheets, ko ka ja layi a babban littafi. Kowace maƙala layi ɗaya: marubuci da shekara, wurin bincike, hanya, yawan waɗanda aka tambaya, sakamako, giɓi. Sannan ka karanta jadawalin daga sama zuwa ƙasa. Nan za ka ga, alal misali, mutum huɗu sun yarda a kan abu ɗaya, biyu sun saɓa, kuma duk a wata jiha suka yi aikin, ba wanda ya zo yankinka. Wannan giɓin shi ne hujjar bincikenka, shi malam yake nema idan ya ce bitarka ba ta da alƙibla.

7. Ajiyar ko-ta-kwana

Kowace Juma'a, rufe Zotero, ka kwafi foldar nan mai suna Zotero da ke cikin foldar mai kwamfuta, gaba ɗayanta, zuwa filasha. Rubutunka na Word kuma ya hau Google Drive duk ranar da ka taɓa shi. Sa wa fayil kwanan wata, kamar Babi2_14-03, ka bar sunaye irin "na ƙarshe" da "na ƙarshen ƙarshe".

Gargaɗi: kada ka mayar da mazaunin foldar Zotero cikin Google Drive ko Dropbox tana aiki daga can, rumbun bayananta yana lalacewa. Kwafi ake ajiyewa.

8. Rubuta, kana sa madogara a tafe

Fitar da kanun babin daga jadawali, kowane kai ra'ayi ɗaya. Kuskuren da na fi gani shi ne sakin layi goma, kowane ya fara da "wane ya ce", a jere kamar kiran suna a aji. Fara da maganar da kake son kafawa, ka kawo waɗanda suka goyi bayanta, ka kawo wanda ya saɓa, ka faɗi inda kai ka tsaya da dalilinka.

Da ka rubuta jimlar da ke buƙatar madogara, a take ka shiga ɓangaren Zotero na Word ka danna "Add/Edit Citation", ka buga sunan marubucin, ka zaɓa, ka ƙara lambar shafi in magana ce ka ɗauko kai tsaye. Karon farko za ta tambaye ka salo. Sassa da yawa suna bin salon madogara na APA, bugu na 7 da ya fito a 2019, inda marubuta uku ko fiye ake ambaton na farko kawai a cikin rubutu, kuma an daina sa garin maɗaba'a. Wasu sassan suna nan a kan bugu na 6 ko suna da nasu tsarin, don haka nemi littafin ƙa'idar sashenku kafin ka zaɓa. A ƙarshen aikin, sa alamar rubutu inda kake so ka danna "Add/Edit Bibliography", jerin zai fito bisa haruffa, kuma abin da ka ambata ne kaɗai zai shiga. Hirar da ka yi da manoma ko dattawa, APA tana ambatonta a cikin rubutu kawai, amma wasu sassan suna son a jera ta, ka tambaya.

Kanun babi ka sa musu "Heading 1" da "Heading 2", Word za ta haɗa maka shafin ƙunshiya da kanta.

Gargaɗi: idan ka ga kuskure a madogara, kada ka gyara a Word. Koma Zotero ka gyara, ka dawo ka danna "Refresh". Kuma ka guji shafukan da ke jujjuya kalmomin wani su ba ka. Ra'ayin na mai shi ne ko an sauya masa riga, Turancin da ke fitowa kuma malam yana gane shi daga layin farko.

9. Kafin ka miƙa

Bi jerin manazarta layi-layi da idonka, kana neman shekarar da ta ɓace, sunan da ya juye, shafukan da babu. Makarantu da yawa suna auna kamanceceniya da Turnitin ko EagleScan, kowace da iyakar kason da take karɓa, sai ka ji ta bakin sashenku.

Gargaɗi: kada ka ba kowa kundinka ya "gwada maka" a asusun da ba ka san saitinsa ba. Idan asusun yana ajiye abin da aka ɗora, ranar da makaranta ta gwada za a ga aikinka ya yi daidai da wani aiki, wanda kuma naka ne, warware wannan rigima kuwa ba sauƙi. A tabbatar an zaɓi kada a ajiye, ko ka jira gwajin makaranta.

Sannan ka yi kwafi biyu. Na farko ya zauna wurinka da alaƙarsa da Zotero, saboda gyaran da za a ba ka bayan kare kundi. A na biyun ka danna "Unlink Citations", madogarar ta koma rubutu zalla, shi za ka tura wa malam. Wannan dannawa ba ta da komawa, shi ya sa ba a yin ta a kan asalin fayil. Wanda za ka kai wurin bugawa kuma mayar da shi PDF tun daga gida, don kada wata kwamfuta ta watsa maka shafuka. Ka ce a fara buga maka shafi biyu, ɗaya mai jadawali, ɗaya mai ƙ da ɗ da ɓ, ka duba sun fito daidai kafin a saki sauran.